Rikicin cikin gida da intanet a siyasar Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Daga 2010 zuwa 2024 jam'iyyar Conservative ta yi firaministoci biyar, amma ɗaya kaɗai a cikinsu, Rishi Sunak, masu zaɓe suka sauke. David Cameron da kansa ya ajiye aiki bayan ya sha kaye a ƙuri'ar raba gardama ta ficewa daga Tarayyar Turai a 2016. Sauran ukun kuwa, Theresa May da Boris Johnson da Liz Truss, ƴan gidansu ne suka yi waje da su. Duk wanda ya saba da tsarin shugaban ƙasa mai wa'adin shekara huɗu, dole abin ya ɗaure masa kai. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai, da kuma inda wayar hannu ta shigo cikin lamarin.

Yaya ake canja firaminista alhali ba a yi zaɓe ba?

Ai a Birtaniya ba a zaɓen firaminista kai tsaye. Mai ƙuri'a ɗan majalisar mazaɓarsa kawai yake zaɓa, mazaɓun kuma 650 ne. Jam'iyyar da ta samu rinjayen kujeru, shugabanta Sarki zai kira ya ce ya kafa gwamnati. Irin tsarin da Najeriya ta gada ke nan a Jamhuriya ta Farko, zamanin da Abubakar Tafawa Ɓalewa yake firaminista kuma yake ɗan majalisa a lokaci guda.

Saboda haka ranar da mutum ya rasa shugabancin jam'iyyarsa, ranar zai fara haɗa kayansa daga gida mai lamba 10 a Downing Street. Babu doguwar shari'ar tsigewa, babu zuwa kotu. Ɗaya cikin biyu ya isa: ko ƴan majalisarsa su juya masa baya, ko ministocinsa su ce ba za su ƙara aiki da shi ba.

Mene ne Kwamitin 1922 da ake yawan ambata idan rikici ya tashi?

Taron ƴan majalisar Conservative ne waɗanda ba su riƙe da muƙamin gwamnati, masu zama a kujerun baya. A 1923 aka kafa shi, amma waɗanda suka shigo majalisa a zaɓen 1922 ne suka kafa, sai sunan ya bi su. Shugaban kwamitin shi ke karɓar wasiƙun waɗanda suka yanke ƙauna da shugaban jam'iyya, kuma shi kaɗai ya san ko nawa suka taru. A zamanin May da Johnson, da zarar wasiƙun sun kai kashi 15 cikin 100 na ƴan majalisar jam'iyyar, sai a kaɗa ƙuri'a a asirce. Sir Graham Brady, wanda ya daɗe a kan kujerar, ya yi suna wajen riƙe baki. Ƴan jarida su yi ta lissafe-lissafe, shi ko uffan.

Cin wannan ƙuri'a ma ba tsira ba ne. May ta ci da 200 da 117 a Disambar 2018, zuwa Mayun 2019 ta sanar da saukarta. Johnson ya ci da 211 da 148 a Yunin 2022, wata ɗaya kacal ya ƙara kafin ya sanar da saukarsa. Bayan mummunan kayen 2024 kwamitin ya ɗaga adadin wasiƙun zuwa kashi ɗaya bisa uku, alamar su kansu sun gaji.

A Labour ba haka abin yake ba. Ƙuri'ar yanke ƙauna ta ƴan majalisa ba ta ɗaure shugaba. Mai son ƙwace kujerar sai ya samu sa hannun kashi 20 cikin 100 na ƴan majalisar jam'iyyar, sannan a tafi gaban mambobi.

Kafin zuwan intanet fa, lafiya ake zaune?

Ina! A 1846 Conservative ta dare gida biyu a kan harajin hatsi a ƙarƙashin Robert Peel. A 1981 jiga-jigan Labour huɗu suka ɓalle suka kafa sabuwar jam'iyya mai suna SDP. Margaret Thatcher ta ci wa jam'iyyarta zaɓe uku a jere, amma a Nuwambar 1990 ministocinta suka shiga wurinta ɗaya bayan ɗaya suna gaya mata ba za ta kai labari ba, ta sauka. John Major ya kai ga ajiye shugabancin jam'iyya a 1995 don kawai ya ce wa masu yi masa zagon ƙasa a kan batun Turai su fito fili a kara. Tony Blair da Gordon Brown kuwa shekara goma suka yi suna mulki tare, yaransu suna cin dunduniyar juna a jaridu. Duk wannan babu Twitter, babu WhatsApp.

To me intanet ta canja ke nan?

A ganina, babban abin da ya canja shi ne wanda ɗan majalisa yake jin tsoro.

A da bulaliyar majalisa yake tsoro, wato mai tsawatarwa na jam'iyyarsa. Duk mako ofishin mai tsawatarwa yakan aika wa ƴan majalisa jerin ƙuri'un da za a kaɗa, wadda aka ja wa layi uku a ƙarƙashi kuwa babu zancen uzuri. Ka bi, wata rana a tuna da kai a muƙami. Ka bijire, a ajiye ka a gefe ko a kore ka daga rukunin jam'iyya. Kuma ɗan kujerar baya ba shi da yadda jama'a za su ji muryarsa sai editan jarida ko BBC sun ga dama.

Sai abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, jam'iyyun suka miƙa zaɓen shugaba ga mambobi masu kati. Conservative ta yi haka a 1998 zamanin William Hague: ƴan majalisa su tace ƴan takara zuwa biyu, mambobi su zaɓi ɗaya. Labour ta koma tsarin mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya a 2014. Na biyu, waɗannan mambobi suka koma samun labaransu a waya. Kuma ba su da yawa. A 2022 mutum kusan 172,000 ne suke da ikon zaɓa wa ƙasa mai mutum miliyan 67 firaminista, sannan galibi sun fi sauran jama'a zafin ra'ayi, ai shi ya sa suka yanki katin tun farko. Ɗan siyasa mai dogon buri ya gane ba lallai sai ya faranta wa manya ba. Idan waɗannan mutane sun san sunansa, suna kuma tura wa juna bidiyonsa, ya samu jari. Bore da a da yake kashe ɗan siyasa, yanzu shi ke ɗaga shi.

Ga kuma sauri. Da yammacin 5 ga Yulin 2022 ministan lafiya Sajid Javid ya liƙa takardar murabus ɗinsa a Twitter. Cikin ƴan mintoci ministan kuɗi Rishi Sunak ya liƙa tasa. Daga nan kowane ƙaramin minista yana riƙe da wayarsa yana ganin wa ya fita, yana lissafin ko zai yarda ya zama na ƙarshe. Tashoshin talabijin har ƙidaya suka sa a gefen allo. Cikin kwana biyu sama da mutum 50 suka ajiye aiki. Michelle Donelan da aka naɗa ministar ilimi a daren 5 ga wata, ta yi murabus da safiyar 7 ga wata. Nadhim Zahawi da aka ba kujerar Sunak, a wannan safiyar ya wallafa wasiƙa yana cewa Johnson ya tafi. Kafin la'asar Johnson ya fito ya sanar.

Waɗanne shafuka ne ake nufi, kuma su wa ke karanta su?

Masu karatunsu kaɗan ne, amma su ne masu ƙuri'a a zaɓen cikin gida, da ƴan majalisa, da ƴan jarida. Shafin Guido Fawkes, wanda Paul Staines ya buɗe a 2004, gulma da tonon silili ne abincinsa. Shi ne a Afrilun 2009 ya samo saƙonnin imel na Damian McBride, mashawarcin Gordon Brown, inda ake ƙulla yadda za a yaɗa ƙazafi a kan manyan ƴan Conservative ta wani sabon shafi. McBride ya rasa aikinsa. Tun daga nan aka daina raina masu rubutu a intanet.

ConservativeHome, wanda Tim Montgomerie ya kafa a 2005, ya fi natsuwa amma ya fi shiga jini. Duk wata yakan tambayi mambobin jam'iyya ra'ayinsu a kan kowane minista, ya jera su daga na sama zuwa na ƙasa. Ministoci sukan ce ba sa damuwa da wannan jadawali, amma kowa ya san suna dubawa. A ɓangaren masu ra'ayin gurguzu akwai Novara Media da The Canary, waɗanda suka bunƙasa zamanin da Jeremy Corbyn yake shugabancin Labour. Wanda ya san aikin sojojin baka a gidajen rediyon Kano zai gane salon wasu daga cikinsu, sai dai su waɗannan sun fi wasa wuƙa a kan ɗan gida fiye da abokin hamayya.

Kada dai a yi zaton sun binne tsofaffin jaridu. Labarin shagulgulan da aka yi a Downing Street lokacin kullen korona, jaridar Mirror ce ta fara tono shi a ƙarshen 2021, ITV ta biyo da bidiyo. Har yanzu ƴan jarida ne suka fi tonowa, intanet kuma ta hana wutar mutuwa.

Me ya sa WhatsApp yake ta fitowa a kusan kowace badaƙala?

Saboda a can ake ƙulle-ƙullen yanzu, shi kuma rubutu ba ya gogewa kamar raɗa a kunne. Kowane ɓangare yana da zaurensa. Masu tsananin son ficewa daga Turai, ƙungiyar ERG ta su Jacob Rees-Mogg da Steve Baker, ta nan suke tsara abin da za su faɗa da yadda za su kaɗa ƙuri'a, kamar jam'iyya a cikin jam'iyya. Suna daga cikin waɗanda suka ja wa May kayen 432 da 202 a kan yarjejeniyar ficewa daga Turai a Janairun 2019, kaye mafi muni da wata gwamnati ta taɓa sha a majalisar.

Matsalar zaure mai mutum ɗari ita ce mutum ɗaya ya isa ya ɗauki hoton allon wayarsa. A Disambar 2021, a wani zauren ƴan Conservative, ana ta caccakar Johnson, sai ministar al'adu Nadine Dorries ta shigo tana kare shi, tana cewa a nuna masa biyayya. Baker bai yi wata-wata ba ya cire ta daga zauren. A daren hoton hirar ya isa hannun wakilin Sky News, duniya ta gani.

A 2023 jaridar Telegraph ta samu saƙonni sama da 100,000 na tsohon ministan lafiya Matt Hancock, daga hannun ƴar jaridar da shi da kansa ya ba don ta taya shi rubuta littafi. Kwamitin binciken korona ya karanto na Dominic Cummings, tsohon babban mashawarcin Johnson, a bainar jama'a, cike da ashar a kan ministoci. A Fabrairun 2025 ƙaramin ministan Labour Andrew Gwynne ya rasa muƙaminsa bayan an fallasa maganganun cin mutunci da ya yi a wani zaure.

Shin intanet ce ta ɗora Corbyn a kan Labour?

Ta taimaka ƙwarai, amma doka ce ta buɗe masa ƙofa. A 2015 da ƙyar ya haɗa sa hannun ƴan majalisa 35 da ake buƙata, wasu ma aro suka ba shi don kawai a faɗaɗa muhawara. Sabon tsarin kuma ya ba duk wanda ya biya fam 3 damar yin rajista ya yi zaɓe. Matasa da tsofaffin ƴan gwagwarmaya suka yi ta kiran juna ta Facebook da Twitter, ya ci da kashi 59.5 cikin 100. Magoya bayansa suka kafa ƙungiyar Momentum, mambobin jam'iyya suka haura rabin miliyan.

Sai aka wayi gari shugaba na mambobi ne, ƴan majalisa kuma ba sa yi da shi. A Yunin 2016 suka kaɗa masa ƙuri'ar yanke ƙauna, 172 da 40. Ya ce ba inda za shi. Aka koma ga mambobi, ya sake ci da kashi 61.8. A zaɓen 2017, duk da yawancin jaridu suna gaba da shi, Labour ta samu kashi 40 ta hana May rinjaye, kuma bidiyoyin Momentum na cikin abubuwan da aka yaba wa. A 2019 kuwa jam'iyyar ta yi faɗuwar da ba ta yi irinta ba tun 1935. Cika shafi da magoya baya daban, cin mazaɓa a arewacin Ingila daban.

Ƙazamin ɓangaren shi ne rikicin ƙyamar Yahudawa, wanda yawancin hujjojinsa rubuce-rubucen mambobi ne a shafukan sada zumunta. A Fabrairun 2019 ƴan majalisa bakwai suka fice, cikinsu har da Luciana Berger da Chuka Umunna, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A Afrilun 2020 aka kwarmata wani rahoto mai shafi sama da 800 ɗauke da hirarrakin WhatsApp na manyan ma'aikatan hedikwata suna zagin Corbyn da mutanensa. Lauya Martin Forde da aka sa ya bincika ya kammala a 2022 cewa ɓangarorin biyu duka sun mayar da batun makamin faɗa. Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn a shugabancin jam'iyyar, ya hana shi takara a Labour, shi kuma ya tsaya a indifenda a Islington North a 2024 ya ci.

Da gaske latas ya riga Liz Truss daɗewa?

Da gaske. Bayan mujallar Economist ta kwatanta ƙarfin ikonta da kwanakin da latas ke yi kafin ya yanƙwane, jaridar Daily Star ta sayo ƙulli ɗaya a kanti, ta ajiye shi kusa da hoton Truss, ta kunna kyamara kai tsaye a YouTube daga 14 ga Oktoban 2022. Har gashin kanti aka ɗora masa. Ranar 20 ga wata ta sanar da murabus, latas bai ruɓe ba.

Ba latas ne ya kore ta ba, ba shakka. A zagayen ƙarshe na ƴan majalisa Sunak ne a gaba da 137, ita tana da 113. Mambobi suka juya lissafin, suka ba ta 81,326, shi 60,399. Ta shiga ofis ke nan yawancin ƴan majalisarta ba ita suka so ba. Da ministan kuɗinta Kwasi Kwarteng, wanda iyayensa ƴan Ghana ne, ya gabatar da ƙwarya-ƙwaryar kasafi mai rage haraji na fam biliyan 45 ba tare da faɗin inda za a cike giɓin ba, fam ya faɗi warwas, kuɗin ruwan bashin sayen gida ya tashi, babu mai tare mata. Kwana 49 ta yi. Da aka zo maye gurbinta sai aka ce duk mai so ya kawo sa hannun ƴan majalisa 100, Sunak kaɗai ya rage, ba a ma je gaban mambobi ba.

Babu dokar da ke sa ido ne?

Akwai, amma an gina ta ne don zamanin rediyo da talabijin. Hukumar Ofcom tana tilasta wa tashoshi adalci tsakanin ɓangarori, sannan haramun ne jam'iyya ta sayi talla a rediyo ko talabijin. Jaridu da intanet ba sa ƙarƙashin wannan takunkumi, shi ya sa kuɗin kamfe suka kwarara Facebook da YouTube. Sai a Nuwambar 2023 aka fara tilasta wa tallan siyasa na intanet ya nuna wanda ya ɗauki nauyinsa. A 2024 kuma Ofcom ta ce a karon farko masu samun labarai ta intanet, kashi 71, sun haura masu samu ta talabijin, kashi 70.

Tashar GB News da aka buɗe a 2021 ta zauna a tsakanin duniyoyin biyu. Talabijin ce, amma gutsattsarin bidiyonta a waya su ne ƙarfinta, kuma ta ɗauki ƴan majalisa masu ci aikin gabatar da shiri. A can ne ɗan majalisar Conservative Lee Anderson ya ce masu tsattsauran ra'ayin Musulunci ne ke juya magajin garin Landan Sadiq Khan. Ya ƙi ba da haƙuri, Conservative ta dakatar da shi a Fabrairun 2024, wata na zagayowa ya koma jam'iyyar Reform. A da wanda aka dakatar yakan rasa abin yi. Shi yana da shirinsa da albashinsa.

Yaya batun Gaza ya taɓa Labour?

A nan ne gajeren bidiyo ya fi nuna ƙarfinsa. Ranar 11 ga Oktoban 2023, a gidan rediyon LBC, aka tambayi Starmer ko daidai ne Isra'ila ta yanke wa Gaza ruwa da wuta, ya amsa da abin da kowa ya ji a matsayin tana da wannan haƙƙi. Sai bayan kwana tara ya fito ya ce haƙƙin kare kai yake nufi. Kafin nan bidiyon ya gama zaga wayoyin Musulmin Birtaniya. Kansiloli suka yi ta ficewa, har jam'iyyar ta rasa rinjayenta a majalisar birnin Oxford. A Nuwamba ƴan majalisar Labour 56 suka bijire suka goyi bayan tsagaita wuta.

A zaɓen Yulin 2024, duk da gagarumar nasarar Labour, ƴan indifenda huɗu masu kamfe da Gaza suka ƙwace kujeru a Leicester da Birmingham da Blackburn da Dewsbury. Jonathan Ashworth, ɗan Labour a Leicester, da ya ci da ratar sama da 22,000 a 2019 ya faɗi da ƙuri'a 979. Wes Streeting, wanda ya zama ministan lafiya, da 528 ya sha.

Reform fa, tunda su ne gwanayen intanet, sun tsira daga rikici?

Ko kusa. Jagoransu Nigel Farage yana da mabiya sama da miliyan a TikTok, jam'iyyarsa kuma ta samu ƙuri'a sama da miliyan 4 a 2024, duk da kujeru 5 kawai suka zama. Amma wanda ya gina gidansa a dandalin wani, sai abin da mai dandalin ya ga dama. A Disambar 2024 Farage ya je Amurka ya gana da Elon Musk, mai X, ana ta raɗe-raɗin gudummawar kuɗi. Makonni uku bayan haka, da Farage ya ƙi rungumar ɗan tsattsauran ra'ayin nan Tommy Robinson, Musk ya rubuta cewa Reform na buƙatar sabon shugaba, ya kuma yaba wa ɗan majalisarta Rupert Lowe. Zuwa Maris an dakatar da Lowe, jim kaɗan bayan ya soki Farage a jarida.

A Yunin 2025 sabuwar ƴar majalisarsu Sarah Pochin ta nemi firaminista ya haramta burƙa. Shugaban gudanarwar jam'iyyar, Zia Yusuf, wanda Musulmi ne, ya rubuta a X cewa wauta ce a nemi abin da ba ya cikin manufofin jam'iyyar. Ya yi murabus a X, ya dawo bayan kwana biyu.

Shi dai Musk bai tsaya a Reform ba. Lokacin tarzomar da ta biyo bayan kisan yara mata uku a Southport a Yulin 2024, wadda ƙaryar cewa maharin Musulmi ne ɗan gudun hijira ta hura, har aka kai wa masallaci hari, ya rubuta cewa yaƙin basasa ba makawa. Maharin kuwa haifaffen Cardiff ne.

Ina Kemi Badenoch ta shigo?

Ita ma a wannan zamani ta tashi. An haife ta a Landan a 1980, ta girma a Legas, ta koma Birtaniya tana shekara 16. Ta taɓa shugabantar sashen intanet na mujallar Spectator, ta kuma amsa da bakinta cewa a 2008 ta yi wa shafin ƴar Labour Harriet Harman kutse, abin da daga baya ta nemi afuwa a kai. Ta daɗe a saman jadawalin ConservativeHome kafin ta ci shugabancin Conservative a 2 ga Nuwambar 2024, da 53,806 a kan 41,388 na Robert Jenrick.

Maganganunta a kan Najeriya, har da cewa ita Bayarabiya ce ba abin da ya haɗa ta da mutanen Arewa, sun ɓata ran mutane da dama, kuma mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya ce tana iya cire Kemi daga sunanta. Wanda ya fahimci su wa ke zaɓen shugaba a jam'iyyarta zai gane ba ƴan Najeriya take yi wa magana ba.

Jenrick kuwa bai daina kamfe ba. A Mayun 2025 ya fitar da bidiyonsa yana tare masu tsallake shinge ba su biya kuɗin jirgin ƙasa ba a Landan, miliyoyi suka kalla. A 15 ga Janairun 2026 Badenoch ta sanar a bidiyo cewa ta kore shi saboda yana shirin sauya sheƙa. A ranar ya bayyana kusa da Farage.

Wanda ya sauya sheƙa yana rasa kujerarsa?

A'a. Sashe na 68 na tsarin mulkin Najeriya ya ce a rasa, sai idan jam'iyya ta rabu. A Birtaniya kujerar ta wanda aka zaɓa ce. Douglas Carswell da Mark Reckless sun ajiye nasu da kansu a 2014 da suka bar Conservative suka koma jam'iyyar UKIP, suka sake ci a zaɓen cike gurbi, amma yawanci ba a yin haka. Akwai dokar kiranye ta 2015, sai dai laifi take bi, kamar ɗauri ko doguwar dakatarwa daga majalisa.

Zagin da ake yi wa ƴan majalisa, iyakarsa baki?

Da ma a ce haka ne. An kashe Jo Cox ta Labour a Yunin 2016, an kashe David Amess na Conservative a Oktoban 2021, dukansu a mazaɓunsu wurin ganawa da jama'a. Ba rikicin jam'iyya ne ya kashe su ba, masu tsattsauran ra'ayi ne, amma tun daga nan babu ɗan majalisar da ke ɗaukar barazanar waya da wasa. Mata sun fi ɗanɗanawa. Wani binciken Amnesty ya gano kusan rabin saƙonnin cin zarafi da aka aika wa mata ƴan majalisa a Twitter gab da zaɓen 2017, Diane Abbott kaɗai aka aika wa, baƙar fata ta farko mace a majalisar.

Starmer ya ci kujeru 411 a 2024. Me ya hana wannan rinjaye kashe bore?

Kujerun sun yi yawa, ƙuri'un ba su kai ba: ƙasa da kashi 34 cikin 100. Da yawa daga cikin sababbin ƴan majalisar da ƴar rata suka shigo, kuma sun san akwai shafuka irin TheyWorkForYou da ke ajiye kowace ƙuri'a da suka kaɗa, abokin hamayya na jira ya mayar da ita talla. Tsakanin fushin mai tsawatarwa da fushin mazaɓa, ba wuya a san wanda za su zaɓa.

Starmer ya fara da zafi. Makonni uku da hawansa ya dakatar da mutum bakwai da suka goyi bayan soke dokar da ta taƙaita tallafin yara ga ƴaƴa biyu. Shekara na zagayowa, sama da ƴan majalisarsa 120 suka sa hannu a kan ƙin rage tallafin naƙasassu, dole gwamnati ta zare yawancin abin da ke cikin ƙudurin ana gab da kaɗa ƙuri'a, duk da haka 49 suka ƙi. Ɗaya daga cikin bakwai ɗin farko, Zarah Sultana, ta sanar a X a Yulin 2025 cewa ita da Corbyn za su jagoranci sabuwar jam'iyya, tun shi bai fito ya amince ba. Zuwa Satumba suna musayar sanarwa a bainar jama'a a kan wa ke da ikon buɗe rajistar mambobi. Ita kuwa dokar ƴaƴa biyun, ministar kuɗi Rachel Reeves ce da kanta ta sanar da soke ta a kasafin Nuwambar 2025.